Kalmar Sirrin Kangon Baba Tanko

Ku rage fitilar nan, ku matso. Wanda ya san zai nemi bayan gida ya je yanzu, don in na fara ba mai raka kowa.

Kun san Haladu mai gyara, wanda yake wuni a bakin shagon caji yana sosa kunne da tsinken ashana. To, ba haka aka san shi a da ba. A da Injiniya ne. Wata shida ya yi yana koyon kwamfuta a saman wani bene a Kano, ya dawo Gumel da takarda mai gefen zinare da jakar ratayawa. Daga ranar, duk wanda ya ce masa Haladu, sai kunnen nan babba ya toshe. Har katako ya sa aka sassaƙa masa da sunan Injiniya, aka kafa a ƙofar ofis. Surukarsa ma sai da ta koyi faɗa, tana yi tana taɓe baki.

Wani kamfanin sayen riɗi yake yi wa aiki. Takardun kamfanin kuwa ba a Gumel suke ba. Suna cikin wata babbar kwamfutar ajiya da suke kira saba, can a Kano, a wani ɗaki mai sanyi a ƙarƙashin bene, ba taga ba kowa. Haladu bai taɓa ganin ta da idonsa ba. Daga kan kujerarsa yake shiga ta layi, ya buɗe wani baƙin allo mai farin rubutu, ya ba ta umarni, ta bi. Kowane ma'aikaci yana da ɗakinsa a cikinta, da kalmar sirrin da take buɗe ɗakin. Wanda ya manta tasa, dole ya zo ya tsaya a gaban Injiniya a canja masa wata. Manaja da kansa yakan tsaya. Haladu kuma ba ya sauri.

Wata Juma'a da hantsi saƙo ya zo daga Kano. Duk ɗakin da mai shi ya bar aiki, a canja kalmarsa a kulle kafin Litinin. Sunaye goma sha ɗaya. Haladu ya gyara zama ya fara bi ɗaya bayan ɗaya.

Yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sani. In zai kulle ɗaki kullewa ta har abada, da sunan 'yarsa ta fari yake kullewa. Dalilinsa mai kyau ne. Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Ummi ake ce mata a gida. Sunan nan na yanka bai taɓa fita daga bakin Haladu ba, ko a mafarki, saboda haka ya san ba ranar da zai yi suɓutar baki wani ya ji. Yatsunsa ne kawai suka san shi. Ni ma ba zan faɗa muku ba, ba a wannan lokacin ba.

Na ƙarshe a jerin shi ne Baba Tanko, tsohon mai awon buhu, wanda ya bar aiki shekara bakwai da suka wuce ya koma ƙauye noman gero. Baba Tanko bai taɓa ajiye ko wasiƙa a ɗakinsa ba, tsoron kwamfutar ma yake yi. Kango ne tun ranar da aka buɗe shi.

Haladu ya leƙa kafin ya kulle. Ya ga fayil uku. Ƙanana. Ba su da suna. Ya ɗauke kai ya kurɓi shayi, da ya dawo da ido sai ya ga kamar sun canja wuri, na ƙarshe ya koma tsakiya. A ƙasa kuma sabar ta rubuta cewa mai ɗakin ya fita yau, da ƙarfe goma da rabi.

Kakarsa ta koya masa tun yana yawo ba wando. Ɗakin da ya daɗe ba mutum, ba a shigarsa kuma ba a rufe shi sai an yi sallama, an tafa hannu, an ɗan jira. Ya tuna da hakan, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma Injiniya ba ya yi wa kwamfuta sallama. Ya ce shirmen na'ura ne. Ya buga sunan, ya sake bugawa kamar yadda sabar take nema, ta ce an canja. Ya yi miƙa.

Rana ta take tsaka. Ma'aikata suka watse masallaci. Maigadi ya kashe janareto kamar kowace Juma'a, ya leƙo ya ce Injiniya ba za a tafi ba ne, ya ce ga shi nan tafe. Fanka ta juya sau biyu ta tsaya. Garin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ko akuya ba ta motsi a gindin bango.

Yana naɗe hannun riga zai yi alwala, sai ya ji an ce, "Gafara dai."

Ba sallama ba. Gafara dai.

Mace ce a bakin ƙofa, doguwa, da mayafi ruwan toka, ta ɗauko ƙwarya rufe da faifai kamar wadda ta dawo daga cefane. Ta cire takalmanta ta jera su a dokin ƙofa. Ta shigo ta zauna a kujerar baƙi ba tare da an ce ta zauna ba. Ta ce ta fita kasuwa ta sayo wa yara abin taɓawa, ta dawo ta tarar an canja mata kalma. Ɗakin Tanko. An ce mata Injiniya ne mai yi.

Yadda ta ja sunan nan, Injiniya, har cikin ƙashinsa ya ji daɗi. Ya koma kujera ya harɗe ƙafa. Ya ce baiwar Allah, aiki yana da ƙa'ida. Sai ta kawo takarda daga manaja, da katin shaida, ta dawo Litinin. Kuma ma ita wace ce a wajen Baba Tanko?

"'Yar haya," in ji ta.

Nan ya lura da abu na farko. Maganar tana riga bakin. Sai ya gama jin kalma, sannan leɓɓanta su motsa su bi ta, kamar kiran bidiyo ranar da layi ba kyau. Ya ce a ransa yunwa ce take damun sa.

Wayarsa ta yi ƙara. Barira ce, matarsa. Tana magana numfashinta yana tsinkewa. Ta ce ta kwantar da Ummi a ɗaki tun hantsi, ta fito tsakar gida wanki, yanzu ta je ɗauko ta ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya ce ta tura da ƙarfi. Ta ce ta tura, ita da maƙwabciya sun tura, har da taɓarya. Ya ce to ta zare sakata.

"Baban Ummi, wace sakata? Ƙofar nan da ko iska tana buɗe ta?"

Gaskiyarta. Ƙofar langa-langa ce, wata uku ke nan tana roƙon sa ya sa mata sakata yana cewa gobe. Ta ce kwano ya ɗau zafi, ɗakin ba taga sai 'yar kafa, kuma duk mazan unguwa suna masallaci. Da fari tana jin kukan yarinyar sosai. Yanzu kukan yana yin nisa, kamar daga cikin rijiya.

Haladu ya miƙe zai zari makullin babur. Matar ba ta motsa ba. Ta dai ce in ya je ma ba abin da zai iya, ko da gatari. Idonsa ya faɗa kan takalman da ta jera a ƙofa. Dukansu biyun na ƙafar hagu ne. Ya sauke ido ƙasa a hankali. Inda ta taka a kan tayil akwai danshi, sawu siriri, yatsu uku.

Ya koma ya zauna. Wannan karon bai harɗe ƙafa ba.

"Uku na bari a ciki," in ji ta. "Ƙaramin ko yaye bai yi ba. Da me ka kulle su?"

Ta ce ba sai ya wahala ba, ta ga alama. Abin da aka kulle ƙofa da shi, shi ma a kulle yake zama har sai an buɗe. Ba ita ta yi ba. Shi ya ɗaura da hannunsa, ɗauri ɗaya ya kama gida biyu.

Ta gyara ƙwaryar a cinya. Muryarta ta yi laushi, kamar ta inna mai lallashi.

"Faɗa min kalmar kawai in shiga. Kowa ya ɗauki nasa."

Abu mai sauƙi. Gaɓa uku. Haladu ya buɗe baki. Iska ta taho daga ƙirji, ta zo maƙogwaro, ta tsaya. Ya ga fuskar mahaifiyarsa. Ya ga kansa, ƙato da gemu, zai kira sunan a gaban baƙuwa, kai tsaye, kamar mara tarbiyya. Ya sake gwadawa. Harshen ya naɗe. Gumi ya zubo masa ta bayan kunne. Ya ce a ƙasa-ƙasa, Iya, ki yi haƙuri, sunan 'yar fari ne, bakina ba zai iya ba.

Ta dube shi. Dariyar ta fara isowa, sannan bakin ya buɗe.

Ta ce ya gode wa wadda ta raine shi. Kalmar da aka damƙa musu da baki, ita da abin da take kira, nasu ne. Ba mugunta ba ce, haka abin yake tun kafin a haƙa rijiyar farko a garin nan. Ta tambaye shi ko ya san tsohuwar kalmar Tanko. Ya ce a'a, sabar ba ta nuna wa kowa, ko shi. Ta ce Tanko da kansa ya ba su, yana zaune a gindin rumfa da rana tsaka yana haddace ta da ƙarfi kamar karatun allo. Kekena, da lamba bakwai bakwai.

Haladu ya tuna. A wancan makon ne keken Baba Tanko ya ɓace a ƙofar masallaci, da kwaɗonsa da sarƙarsa, aka yi ta zargin almajiran bakanike har aka gaji.

Ya ce to bari ya mayar da tsohuwar. Ya jawo kwamfutarsa. Ba janareto, na'urar layin ofis ta mutu, sai ya haɗa da layin wayarsa. Batir saura kashi tara. Baƙin allon ya buɗe, ya tsaya yana tunani, Kano ta yi nisa kamar Makka. Da ƙyar ta amsa. Ya buga kalmar Tanko. Sabar ta ce an taɓa amfani da wannan, a kawo sabuwa, harafi takwas ko fiye, da lamba.

Sabuwa. Wadda zai faɗa da baki, ta tafi da abin da take kira.

Haladu dai Haladu ne, ko a bakin kabari sai ya nemi ragi. Ya yi sauri ya buga talauci. Sabar ta ce ta yi gajarta. Matar ta ce ka gani, ko ƙarfen ya san wayo. Abin da mutum ba ya so ba ya riƙe ƙofa, shara ce. Sunan surukarsa ya gifta masa a rai, harafi takwas cif. Bai ko motsa yatsa ba ta ce wannan ba tasa ba ce, kuma ko tasa ce ba su da wurin ajiye ta.

Batir kashi shida.

Daga ɗan ramin da kwamfutar take fitar da iska ya fara jin wani sauti. Siriri. Kamar 'yan tsaki a cikin akurki an rufe su da kwando. Murya uku. Da ya kasa kunne sai ya ji ta huɗu a bayansu, wadda ya sani, wadda take ce masa Abba in ya dawo da rake. Ita ce ta fi rauni.

Ya waiga yana neman abin da yake nasa. Babur na kamfani ne. Kwamfutar ma haka. Gidan haya ne. Agogon hannunsa na ƙaninsa ne, ya ara ranar wani ɗaurin aure bai mayar ba. Ashe duk abin da yake taƙama da shi na aro ne. Idonsa ya yi ta zagaye ɗakin, ya bi bango, ya bi kalanda, ya kai ƙofa. Ƙofar a buɗe take, ta juyo da fuskarta ciki. Katakon yana kallon sa.

Ya ƙirga da yatsa. Takwas, ba ƙari ba ragi.

Matar ta daina motsa ƙafa.

Ku da kuke dariya, ba ku san abin da sunan nan yake a wajensa ba. Da shi ya nemi aure. Da shi ake ba shi kujera a wajen suna alhali sa'o'insa suna kan tabarma. In ka cire shi, abin da ya rage ɗan Malam Sallau ne mai manyan kunnuwa, wanda ya faɗi jarrabawa sau biyu. Ya san da haka sarai. Ya ɗora yatsu.

In ana buga kalmar sirri a baƙin allon nan, ba abin da yake fitowa, ko ɗigo. Mutum yana bugawa ne cikin duhu, da imani. Ya buga haruffan takwas, ya ƙara lamba ɗaya, don ko a wannan halin bai yarda ya zama na biyu ba. Sabar ta ce a sake bugawa don tabbatarwa.

Waya ta yi ƙara. Barira. Kiran yana shigowa layin ya yanke, allon ya daskare.

Ya ɗauka. Ta ce ta daina jin kukan. Ta manna kunne a ƙofa, ba komai. Ta ce ya zo, don girman Allah ya zo. Ya ce ta ajiye wayar, kar ta sake kira. Ta ce me ya ce? Ya kashe.

Batir kashi uku. Ya sake neman Kano daga farko. Allon yana tunani. Daga nesa ya ji liman ya tada kabbara. Wayar ta sake haske, Barira, ya danne kiran da babban yatsa tun kafin ya yi ƙara. Ta sake. Ya sake dannewa. Tun da ya aure ta bai taɓa yi mata haka ba, yana yi hawaye yana ɗiga a kan haruffa. Kano ta amsa. Ya buga kalmar. Ya sake bugawa, harafi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taka gadar kara.

An canja.

Ya juyo ya fuskanci matar.

"Injiniya," ya ce. "Da lamba ɗaya."

Ya ji ta fita daga maƙogwaronsa kamar an zare zare mai tsawo. Ba zafi. Wuri ne kawai ya zama fanko.

Matar ta miƙe da ƙwaryarta. Kanta ya kusa taɓa silin, alhali da ta shigo bai ga ta kai haka ba. Ta ce taka ta sha zafi saboda nawa, ba za a ƙara kulle ta ba. Sannan ta ce, "Rufe idonka, ɗan nan."

Ya rufe. Ya ji sanyi ya gifta ta gefen kuncinsa, sanyin ɗakin da ba taga, mai warin ƙarfe. Ya ji an buɗe wata ƙofa can nesa. 'Yan tsakin suka ruɗe gaba ɗaya, sannan suka yi shiru irin na yaran da aka cika wa baki. Da ya buɗe ido allon ya mutu. Ba takalma a dokin ƙofa. Danshin tayil ɗin yana bushewa yana kallo.

Shi ya kira Barira. Ta ce ƙofar ta buɗe da kanta, a hankali, kamar an riƙe ta don kar ta yi ƙara. Ummi tana zaune a tsakiyar katifa, jikinta sanyi ƙalau kamar an fito da ita daga randa, tana cin ƙosai mai zafi. Ba wanda ya soya ƙosai a unguwar ranar. Barira ta ƙwace ragowar ta jefa a masai. Sannan ta ce maganar kashe mata waya kuma, sai ya dawo.

Ya isa masallaci ana sallamewa. Maigadi ne ya fara ganin sa, mutumin da shekara huɗu yana rusuna masa. Ya ce, "Haladu, ka makara." Ko a jikinsa. Da suka koma ofis katakon yana nan a ƙofa da ƙusoshinsa, sumul, kamar ba a taɓa sa masa wuƙa ba. Takardar nan mai gefen zinare ma da ya duba a gida, sunansa yana nan, layin da ke ƙasa ya zama fari.

Ni da kuke ji ina ta faɗar kalmar, don ba ya kusa ne. In ya tsaya a gabana sai ta zame min, na gwada ya fi sau goma don tsokana. Ba ta zama a kansa. Bayan wata biyu manaja ya dube shi ya rasa dalilin da ya sa aka ɗauke shi tun farko, aka kawo wani daga Kano. Kafin ya tafi ya leƙa ɗakin Tanko sau ɗaya, bayan ya yi sallama ya tafa hannu har masinja ya leƙo. Fayil ɗin sun zama huɗu. Ya bar wa sabon yaron takarda cewa wannan ɗakin kar a taɓa. Ko ya karanta, oho.

Ummi kuwa ta shekara tara yanzu. Uwarta ta daina sayen kwaɗo. Akwatin da ake ɓoye madara da sukari, in yarinyar ta ɗora hannu sai ya buɗe. Wayar kowa in ta ɗauka ba ta tambayar ta lamba. Haladu ba ya barin ta ta bi ta gaban banki, ko ta kusa da maƙabarta.

Saboda haka in an ba ɗayanku aikin kulle ɗakin da mai shi ya daɗe da tafiya, na ƙasa ne ko na cikin na'ura, ya yi sallama, ya tafa hannu, ya jira. Kada ya kulle da sunan wanda yake so. Kuma kada ya yarda rana ta take tsaka ranar Juma'a yana ofis shi kaɗai, ko manaja ya ce zai ƙara masa girma.

Wa na ce ya sa wa ƙofar zaure sakata ɗazu? Kai ne? To waiga ka gani. Wataƙila Ummi ce aka aiko karɓar garwashi. Je ka duba mana.